Wa Ke da Haƙƙin Rubuta Sunan Birnin Gwari a Jikin Kaya?

Tun da aka sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024, kayan yankin suka koma bin hanyar Kaduna. To, idan wani ya zuba zumar wani wuri a kwalba ya rubuta mata "Birnin Gwari", wace doka za ta kare manomin da aka ci da sunansa?

Hukumar NAFDAC ta haramta rubutun yaudara a jikin kayan abinci, amma Nijeriya ba ta da doka ta musamman da ke ɗaure sunan gari da kayan da ya yi fice a kansu. Dokar alamun kasuwanci ta 1965 ta ba da damar rajistar tambarin shaida ne kawai.

Nijar ta yi gaba. Ta hanyar ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17, ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajista. Duk mai son amfani da sunan sai ya bi ƙa'idar yanki da ta sarrafawa.

Muddin majalisar tarayya ba ta samar da irin wannan doka ba, mai kwalba ne zai ci gaba da cin ribar sunan.