Gado Ko Reno? Abin Da Ƙurar Dutse Da Gishirin Miya Ke Yi Wa Kan Yaro

Ranar karɓar sakamakon jarabawa ce, a wata makarantar firamare da na taɓa koyarwa. Wata uwa ta karɓi katin ɗanta, ta dubi jan biron da ya cika shi, ta ninke ta soke a gefen zani. Sai ta ce da ni, “Malam, kada ka wahalar da kanka. Ba shi da kai. Haka dangin ubansa suke.” Yaron yana tsaye a gefenta yana murza maɓallin rigarsa, kuma duk a kunnensa. Bai wuce shekara takwas ba, amma an riga an yanke masa hukunci.

Ba ita ta fara wannan magana ba. Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, shi ne kuma ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Masana kimiyya ma sun shafe sama da shekara 150 suna ja-in-ja tsakanin waɗannan zantuka biyu. A 1869 wani Bature ɗan Ingila, Francis Galton, ɗan'uwan Charles Darwin, ya bi salsalar alƙalai da manyan malamai na ƙasarsu, ya ga ɗaukaka tana bin gidaje, sai ya ce basira gado ce. Abin da bai ba shi nauyin da ya kamata ba shi ne, 'ya'yan gidajen nan ba jini kaɗai suka gada ba. Sun gaji dukiya da littattafai da gurbi a manyan makarantu. Shi kuwa Alfred Binet na Faransa, wanda ya fito da gwajin basirar yara a 1905 tare da Théodore Simon, ya yi shi ne don a gano ɗaliban da ke bukatar ƙarin taimako a aji. Daga aikinsa ne gwajin IQ ya samo asali, wanda aka tsara matsakaicin makinsa ya zama 100.

Gaskiya ɗaya ce, gado yana da nasa rabo, kuma ba ƙarami ba ne. Hujjar da ta fi ƙarfi daga tagwaye ta fito. Hassan da Husainin da suka fito daga ƙwai ɗaya ƙwayoyin halittarsu kusan iri ɗaya ne. Daga 1979 Thomas Bouchard na Jami'ar Minesota a Amurka ya riƙa nemo irin waɗannan tagwaye da aka raba tun suna jarirai, kowa ya tashi a wani gida. Da aka gwada su bayan sun girma, makinsu ya yi kusa da juna ƙwarai. Rahoton da suka fitar a 1990 ya danganta kusan kashi 70 cikin 100 na bambancin makin da gado. Wasu binciken sun nuna rabon gado ƙarami ne a ƙuruciya, yana ƙaruwa yayin da mutum ke girma. Kuma babu wata ƙwayar halitta guda da za a nuna a ce ga ta basira. Ɗaruruwa ne, kowace da ɗan tasirinta kamar ɗigon ruwa.

To amma a nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Kashi 70 ɗin nan ba yana nufin kashi 70 na basirar ɗanka daga gare ka ta zo ba. Bayani ne a kan bambancin da ke tsakanin mutanen da aka gwada, a irin rayuwar da suke ciki. A 1970 masanin halittu Richard Lewontin ya kawo misalin da kowane manomi zai gane. Ɗebi iri daga buhu ɗaya, ka shuka rabi a gonar da ta sha taki, rabi a wadda ta gaji. A cikin kowace gona wani karan zai fi wani tsawo, wannan bambancin iri ne. Amma tazarar da ke tsakanin gonakin biyu ba ruwan iri a ciki, ƙasa ce. Tagwayen Minesota galibinsu a gidajen da ake ci a ƙoshi suka tashi, kuma sun yi makaranta. Ba a auna ɗan da ya sha yunwa a cikin uwarsa ba.

Akwai kuma abin da gado ba zai iya bayyanawa ba. James Flynn, malami a ƙasar Niyu Zilan, ya gano cewa a ƙarni na 20 makin IQ ya riƙa hawa da kimanin maki 3 duk shekara goma a ƙasashe da dama. Jinin al'umma ba ya canjawa cikin shekara hamsin. Abinci ne ya canja, da lafiya, da makaranta. A Nowe, da gwamnati ta ƙara tsawon karatun dole daga shekara 7 zuwa 9 a shekarun 1960, bincike ya nuna kowace ƙarin shekara a aji ta ɗaga makin samarin da fiye da maki 3.

Mu a nan ba sai mun tafi Nowe ba. Darasin ya same mu har gida, kuma da tsada. A farkon 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Yaro zai kama amai, sai jijjiga, sai a rasa shi. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Da aka gwada jini sai aka ga gubar dalma ce, daga duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya. Yara fiye da 400 suka rasu, aka yi wa dubbai magani, kuma sai a 2013 aka kai ga kwashe gurɓatacciyar ƙasar garin Bagega. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Fiziks da kemistirin ajin sakandare sun isa su bayyana yadda abin ya faru. Mazubin da ke cin lita ɗaya, in ka cika shi da ruwa nauyinsa kilo 1 ne. In zinariya ce zalla zai haura kilo 19, dalma kuwa kilo 11, dutsen yashi bai kai kilo 3 ba. Wannan nauyi shi ne sirrin mai wankin zinariya: yana kaɗa ƙasa da ruwa a kwano, marar nauyi ya bi ruwa, zinariya ta kwanta a ƙasa. Amma kafin a wanke dole a mayar da dutsen gari, kuma dutsen wannan yanki cike yake da dalma. Ana kawo shi cikin gida a buhu, a farfasa da guduma, a daka a turmi ko a kai injin niƙa, a shanya a tsakar gida inda ake shanya hatsi. Ƙa'ida ce ta fiziks cewa in ƙwayar ƙura ta ragu da rabi a kauri, sai ta ninka lokacin da take yi a iska sau huɗu kafin ta sauka. Don haka garin da ya fi laushi shi ya fi yawo. Yana sauka a kan tabarma, da murfin randa, da kwanon tuwo. Ga kuma ɗan wata tara yana rarrafe, ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki.

Daga nan kemistiri ya karɓa. Laushin garin yana sa ruwan ciki ya narkar da shi da sauri. Jikin yaro yana ƙishirwar sinadarin kalsiyam don gina ƙashi da haɗa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ita kuwa dalma caji iri ɗaya take ɗauke da shi da kalsiyam, sai jiki ya buɗe mata ƙofa kamar 'yar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotsa daga dalmar da ya haɗiya, kuma babu wani adadi da za a ce ba ya cutarwa. Maganin asibiti yana janye ta daga jini, amma ba ya gyara abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa. Abin da ke ci mini rai shi ne yaran da suka rayu. Yau sun zama samari da 'yan mata, kuma wanda karatu ya gagara a cikinsu, na tabbata an kira shi daƙiƙi.

Kada mai karatu ya ce shi ba mahaƙi ba ne. Wani tozalin da ake rambaɗa wa jarirai daga dutsen dalma ake niƙa shi. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, aka bi sawu har zuwa tozalin da aka kawo daga Najeriya. Da aka auna shi, sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce.

Dalma dai guba ce da ke shiga. Sinadarin aidin kuma alheri ne da ke yin ƙaranci. Jiki ɗan mitsitsi yake bukata, amma in babu shi sai maƙoƙo ya fito a wuya, kuma in mai ciki ta rasa shi ƙwaƙwalwar ɗan tayi ba ta ginuwa yadda ya kamata. Nazarce-nazarce sun samu tazarar sama da maki 10 tsakanin yankunan da ke da ƙarancinsa sosai da waɗanda ke da wadata. Wannan ne ya sa Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1993.

Ba ni da ikon sauya dangin uban yaron nan, uwarsa ma ba ta da shi. Amma sauran abubuwan a hannunmu suke. Mahaƙa, ku bar dutse a bakin rami, ku niƙa shi da ruwa don ƙura ta kwanta, ku yi wanka ku canja kaya kafin ku ɗauki 'ya'yanku. Iyaye mata, ku sayi gishiri mai aidin ku rufe shi a inda babu danshi, ku kuma raba idon jariri da tozalin dutse. Malamai 'yan'uwana, kafin mu ce yaro ba shi da kai, mu tambaya ko ya karya kumallo, ko yana ganin allo, ko yana jin abin da muke faɗa. Don Allah mu daina faɗar kalmar nan a gaban yaro.