Minti Goma a Shikago

A shekarar 1950 wani saurayi ɗan shekara 19 ya hau jirgin ƙasa zuwa Shikago, inda wani tsohon ɗalibin makarantar koyon kasuwanci ta Jami'ar Harvard zai yi masa intabiyun neman gurbi a makarantar. Ya tafi da yaƙinin an riga an ɗauke shi. Ganawar ba ta wuce minti goma ba aka sallame shi, kuma bai samu gurbin ba. Saurayin nan shi ne Warren Buffett, wanda ya mayar da Berkshire Hathaway ɗaya daga cikin manyan kamfanonin duniya, har mujallar Forbes ta sa shi a sahun farko na attajiran duniya a 2008.

Yawanci akan ba da labarin ne don lallashin wanda aka ƙi ɗauka: kada ka damu, ko Buffett ma an kore shi. Lallashin ba laifi ba ne, amma yana rufe tambayar da ta fi amfani. Me mutumin nan ya nema a wurin saurayin cikin minti goma bai samu ba? Tambayar ta dame ni, domin ina ganin samarinmu da 'yan matanmu suna kashe kuɗi da barcin idonsu a kan jarrabawar GMAT ta neman shiga makarantun kasuwanci, su tara maki, sannan su tambayi kowa: da wannan makin za a ɗauke ni?

Abin da zuciya za ta fara zargi shi ne karatu. Nan babu inda za a kama shi. Ya yi shekara biyu a Wharton, makarantar kasuwanci ta Jami'ar Pennsylvania, ya koma Jami'ar Nebraska ya ƙarasa, ya gama digiri cikin shekara uku a inda wasu ke yin huɗu. To ko bai san kasuwa ba ne, sai littafi? Wannan ma ya fi saurin rushewa. Yana da shekara 11 ya sayi hannun jarinsa na farko. Ya yi rabon jarida gida-gida a birnin Washinton, ya sayi tsofaffin injinan wasa da ake jefa wa kwabo yana ajiye su a shagunan aski yana karɓar riba, kuma tun yana sakandare ya mallaki gona mai eka 40 a Nebraska. Kafin ya gama jami'a ya tara abin da ya kusa dala 10,000, kuɗi masu auki a wancan zamani. Gata kuwa, mahaifinsa Howard Buffett ya riga ya yi shekara shida a majalisar wakilan Amurka. Ilimi, sana'a, kuɗi, gida, duk yana da su.

Sai shekaru. Nan akwai ƙamshin gaskiya. Yaƙin Duniya na Biyu bai daɗe da ƙarewa ba, kuma wata doka ta 1944 ta sa gwamnatin Amurka tana biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu. Azuzuwan Harvard na ƙarshen shekarun 1940 cike suke da mutanen da suka jagoranci dakaru, da yawansu masu aure. A cikinsu ne za a zaunar da yaro siriri wanda shi da bakinsa ya sha faɗa cewa kamanninsa a lokacin ba su kai shekarunsa ba. Har yau makarantar ba ta bar wannan ra'ayi ba: ɗalibinta na babban digirin kasuwanci, wato MBA, yakan zo ne bayan ya yi aikin kusan shekara biyar, wanda kuma ta ga yana da kyau tun yana ajin ƙarshe a jami'a, sai ta ajiye masa gurbi ta ce ya je ya yi aiki aƙalla shekara biyu ya dawo.

Da shekaru ne kaɗai, da an rufe magana. Amma a shekarar nan dai, yana duba kundin Jami'ar Columbia ta Niyok sai ya ga sunayen Benjamin Graham da David Dodd cikin malamai, mutanen da ya haddace littattafansu kan zuba jari. Lokacin neman shiga ya ƙure, duk da haka ya rubuta wa Dodd wasiƙa, aka ɗauke shi. Mutum ɗaya, shekara ɗaya, takardu iri ɗaya. Wata makaranta ta ji shi da baki ta ƙi, wata ta karanta rubutunsa ta karɓa. Ke nan bai kamata mu ci gaba da bincikar saurayin shi kaɗai ba. Dole mu leƙa cikin ajin da ya nemi shiga.

An kafa makarantar kasuwanci ta Harvard a 1908. A 1919 ta samu shugaba mai suna Wallace Donham, lauya ne da ya yi karatu a sashen shari'a na jami'ar, inda ake koyar da ɗalibai ta hanyar tattauna shari'o'in da aka riga aka yanke. Ya ce haka za a koyar da kasuwanci. A 1921 aka rubuta darasi na farko, shafi ɗaya tak, kan wani kamfanin takalma da ma'aikatansa ke ajiye aiki kafin lokacin tashi. Babu amsa a ƙasan shafin. Ɗalibi ne zai ce ga matsalar, ga abin da zai yi da shi ne manaja.

Haka ake yi har gobe. Ɗalibai kusan 90 suna zaune a aji mai siffar kofaton doki, kowa da sunansa a gabansa. Malami ya shigo ya kira wanda ya ga dama, ba tare da ya ɗaga hannu ba, ya ce shi zai buɗe darasi. Da ya yi shiru sai sauran su hau maganarsa, wani ya goyi baya, wani ya warware ta. A shekara biyu ɗalibi yakan bi ta kan irin waɗannan darussa wajen 500, kuma a yawancin kwasa-kwasai kusan rabin makinsa daga abin da ya faɗa a aji yake fitowa. A irin wannan aji ɗalibai ne littafin junansu. Wanda ya san abu ya kasa fitar da shi, ko ya iya zuba amma ba ya sauraro, ya tauye mutum 89 da suka biya kuɗi don su ƙaru da shi.

Yanzu mu koma kan Buffett da abin da ya rage. Shi da kansa ya sha bayar da labarin cewa a shekarun nan tsoron magana a gaban jama'a yake yi har cikinsa ya juya, yana zaɓar darussan da ba za a tashe shi tsaye ba. A Niyok ya yi rajistar kwas ɗin koyon magana na Dale Carnegie, ya rubuta cakin dala 100, sannan tsoro ya sa ya hana a biya cakin. Sai da ya koma garinsu Omaha ya sake yin rajista, wannan karon ya ba da tsabar kuɗi don kada ya gudu.

Akwai abin da zai iya rikita wannan bayani, kuma bai kamata a ɓoye shi ba: a ajin Graham ba shiru Buffett yake yi ba, shi ne ma mai riga kowa ɗaga hannu. Amma dubi irin ajin. Mutane kaɗan ne, batun kuma hannun jari ne, abin da ya sani kamar yunwar cikinsa. Masu rubuta tarihinsa sun ce da wannan sanin ya dogara zai burge mutumin Shikago. A ganina nan ne aka yi saɓani. Shi ya je nuna abin da ke kansa, mai intabiyun kuwa yana auna ko wannan yaro zai iya tsayawa a gaban manya ya yanke shawara kan abin da bai shirya masa ba, a ja da shi, ya kare kansa ko ya sauya ra'ayi ba tare da ya ruɗe ba. Wannan ba ya buƙatar awa guda kafin a gane shi. Minti goma sun isa.

Idan bayanin nan daidai ne, ya kamata intabiyun yau ya yi kama da ajin, kuma haka yake. Duk shekara mutum 8,000 zuwa 10,000 ke neman gurbi 900 da ɗoriya a makarantar ta Harvard. Kusan ɗaya cikin biyar ake gayyata ganawa, a cikinsu kuma kusan rabi ake ɗauka. Minti 30 ne, mai tambayar ma'aikacin ofishin ɗaukar ɗalibai ne wanda ya karanta takardunka kaf, don haka ba zai ce ka maimaita su ba. Zai kama wani layi guda ya yi ta bi: me ya sa ka bar wancan aiki, me ya sa kamfaninku ke asara a wannan kaya, da kai ne shugaba me za ka canza? Bayan an tashi kuma ana ba ka awa 24 ka rubuto abin da ka ɗauka daga zaman. Kiran ba-zata ne na aji, aka matso da shi gaba.

Wharton ta ƙara tabbatar da zancen ta wata fuska. Can ɗaliban shekarar farko suna aiki ne cikin ƙananan rukunoni, saboda haka tun 2012 take haɗa masu neman shiga biyar ko shida a zama ɗaya, ta ba su matsala da minti 35 su fito da shawara guda, ana kallonsu. Wanda ya danne kowa da surutu ya cuci kansa daidai da wanda ya yi gum. Stanford kuwa tsofaffin ɗalibanta ke yin ganawar, takardar tarihin aikinka kaɗai suka gani, tambayarsu kuma ta abin da ka taɓa aikatawa ce, ba abin da za ka yi ba.

To mai lissafin damarsa ya raba lissafin gida biyu. Makin GMAT ko GRE da sakamakon digiri su ne ke sa a buɗe fayil ɗinka da muhimmanci, kuma makarantun suna wallafa matsakaicin makin kowane aji, kowa na iya gwada nasa. Da an gayyace ka, wannan lissafin ya ƙare, domin duk wanda ke layin yana da maki. Abin da ya rage shi ne ko ajinsu zai ƙaru da bakinka.

Nan ne nake jin tsoro ga namu. An raine mu da kunya da kawaici, kada ka ƙura wa babba ido, kada ka yabi kanka, idan an yi aiki ka ce mun yi. Tarbiyya ce mai daraja, ba na so kowa ya yar da ita. Amma Ba'amurken da ke gabanka idan ya ji mun yi sau biyar, abin da zai rubuta shi ne bai gane me kai ka yi ba. Faɗin cewa ni na kawo shawarar, ni na lallashi dillalan, ni na yi kuskuren lissafin, ba fariya ba ce idan gaskiya ne, shaida ce aka nema ka bayar. Kuma ba a koyon wannan da karatu a zuci. Ka ba wani babba da kake jin nauyinsa takardunka, wanda ba zai tausaya maka ba, ya zaunar da kai minti 30 da agogo, ya katse ka a tsakiyar magana, ya ce bai yarda ba. Ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Amsar da ta wuce minti biyu ka rage ta, wadda kuma ka ji ta fito kamar hadda ka rushe ta ka sake faɗa da wasu kalmomin, saboda mai tambayar ya ji ɗaruruwan amsoshi a makon nan, yana gane haddatacciya tun daga jimlar farko.