Yadda A Ke Haɗa Ayyukan Intanet Ba Tare Da Rubuta Harshen Kwamfuta Ba

Ina so in ɗan yi muku bayani a kan wata dabara wadda na ga za ta yi wa malamin makaranta amfani ƙwarai. Duk wanda ya fita koyon aikin malanta ya san wahalar maki. Ka rubuta shi a takardar yaro, ka kwafe cikin littafin aji, sa'an nan ka sake kwafewa cikin takardar da za a kai wa iyaye. Abu ɗaya, rubutu uku, a kowane kwafi kuwa 17 tana iya rikiɗa ta zama 71.

A intanet ma haka abin ya ke. Akwai manhajar cika fom, kamar Google Forms, akwai ta ajiye lissafi, kamar Google Sheets, akwai kuma ta aika wasiƙa, kamar Gmail. Masu yinsu sun bar wa kowace wata ƙofa wadda wata manhajar za ta iya bi ta karɓi labari ko ta kai. Amma a da ba mai iya amfani da ƙofar nan sai wanda ya koyi rubuta umarni da harshen kwamfuta, wannan kuwa karatu ne mai tsawo.

Mu mazauna Minna ba za mu sha wuyar gane maganin da aka samo ba, gama garin nan mahaɗar jirgin ƙasa ce. Hanyar dogon da ta taso daga Baro, bakin Kwara, ta kai Kano a 1911, ta nan ta bi, a nan kuma ta Ikko ta zo ta same ta. To, mutumin da ke juya dogo a mahaɗa ba shi ya ƙera jirgi ba, bai ma san abin da ke cikin injin ba. Abin da ya sani shi ne wane jirgi ke zuwa, wace hanya kuma za a sa shi. Aikin da manhajojin haɗi suka ba mu ke nan.

Ga yadda a ke yi. In ka buɗe ɗaya daga cikinsu, sai ka ga 'yan akwatuna a fuskar kwamfuta, kowane da sunan wata manhaja. Ka zaɓi waɗanda ka ke so, ka jera su, ka haɗa su da layi. Akwatin farko shi ne kamar kunamar bindiga, watau abin da in ya faru sauran za su motsa. A ce malami ya cika fom da sunan yaro da makinsa. Akwati na biyu ya ɗauki makin ya sa a gidansa cikin takardar lissafi. Na uku rariya ne: in makin bai kai 40 ba ya wuce gaba, in ya kai ya tsaya nan. Na huɗu ya aika wa malamin aji wasiƙa, ga yaron da ke bukatar taimako. Shi ke nan, ba ka rubuta umarni ko layi ɗaya ba. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, aikin a kwamfutocin kamfanin a ke yinsa, saboda haka ko an ɗauke wuta, ko wayarka ta mutu, abin da ka riga ka aika zai bi hanyarsa.

Dabarar ba ta yau ba ce. A 2007 kamfanin Yahoo ya fito da Yahoo Pipes, inda a ke haɗa akwatunan da zanen bututu. Daga baya IFTTT da Zapier suka fito a Amurka. Sunan IFTTT haruffan farko ne na wata maganar Turanci mai nufin in wannan ya faru, a yi wancan. Akwai Integromat ta ƙasar Cek, wadda ta koma Make a 2022, da n8n da aka fara a Jamus a 2019, wadda makaranta za ta iya girkawa a kwamfutarta. Galibinsu suna barin mutum ya yi aiki kaɗan kyauta, in ya wuce iyaka sai biya, da kuɗin waje kuwa.

Sai dai kada wani ya zaci an ɗauke masa tunani. Rubutu kaɗai aka ɗauke. Akwatin nan ba shi da hankali ko na anini, abin da ka zana shi zai bi. A ce yaro ba shi da lafiya ran jarrabawa, malami ya sa masa 0 don kada gidan ya zauna wofi. Rariya ba ta san ciwo ba, 0 bai kai 40 ba, sai ta wuce da shi. In kuwa ka haɗa akwatin ƙarshe da wayar iyaye, uba zai sami saƙo cewa ɗansa ya fāɗi, alhali yaron yana kwance a gida da zazzaɓi. Wannan ya sa ni a ganina, kafin a taɓa kwamfuta, a zana hanyar duka a allo da alli, a kira abokan aiki su yi ta kawo tambaya: in yaro bai zo ba fa? In yara biyu sunansu ɗaya fa, kamar yadda a kan sami Musa uku a aji guda? Kowace tambaya reshen dogo ce da za a ƙara.

Akwai kuma maganar amana. Kafin manhajar haɗi ta yi aiki, sai ka ba ta izinin shiga akwatin wasiƙarka da takardun lissafinka, sunayen yara da lambobin iyayensu kuwa ba naka ba ne. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023, saboda haka kada malami ya yi gaban kansa, sai da yardar hedimasta, kuma kada ya aika abin da aikin ba ya bukata.

Har wa yau, manhajar ta wani ce, in ya ga dama ya rufe. Yahoo Pipes da na ambata an rufe ta a 2015, waɗanda suka jingina aikinsu da ita suka koma neman wata. Don haka zanen nan na allo a kwafe shi cikin littafi, makin yara kuma a riƙa sauke kwafinsa a ƙarshen kowane zango a ajiye a ofis.