Yadda Ake Naɗa Gwamna a Jamhuriyar Nijar

An raba Jamhuriyar Nijar zuwa jihohi 8, wato Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da kuma birnin Yamai, kowace da gwamnanta, sai dai talakawa ba sa kaɗa ƙuri'a wajen samar da shi. Shugaban ƙasa ne ke naɗa gwamna ta hanyar ƙudurin da ake zartarwa a taron majalisar ministoci, kuma yana iya tuɓe shi ko ya sauya masa jiha ba tare da jiran wani wa'adi ba, tsarin da ƙasar ta gada daga Faransa.

Don haka gwamna wakilin gwamnatin tsakiya ne, wanda yake kula da tsaro da aiwatar da doka, yake kuma sa ido a kan kantomomin gundumomi. A da, muryar jama'a tana fitowa ne ta majalisar jiha, wadda aka fara zaɓen wakilanta a 2011, amma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, an ɗora jami'an tsaro a kujerun gwamnoni, sannan aka rusa majalisun a 2024. Wannan giɓi ne babba, domin manomin da ke da koke a kan gwamna ba shi da ƙuri'ar da zai hukunta shi da ita, saɓanin maƙwabcinsa na jihar Katsina ta Najeriya da ke zaɓen nasa duk shekara 4.