Tari bayan feshin maganin kaska: wane awo ake yi?

Idan ƙirjinka na matsewa yana fito duk ran da ka fesa wa bisashe maganin kaska, ya kuma sake ka in ka kwana biyu ba ka yi feshi ba, asma ake zargi. Likita kan fara da awon kaki, don a tabbata ba tibi ba ce. Hoton ƙirji sau da yawa ba ya nuna asma. Awon numfashi ke nuna ta: ka hura iska cikin na'ura, ka shaƙi salbutamol, bayan minti 15 ka sake hurawa. Kuskuren da nake yawan gani, makiyayi ya huta sati biyu kafin ya je, awo ya fito lafiya lau. Je ka cikin kwanakin feshin, ka riƙe kwalbar maganin a ɗaure cikin leda.