Ka Sa Shafinka Ya Riƙa Ajiye Kwafinsa A Google Drive Da Kansa

Matasa a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar sun fara buɗe shafukan intanet na kansu. Wani yana tallar riɗi da zoɓorodo, wani yana kawo farashin shanu daga kasuwar Maigatari da ke ci duk Alhamis, wani ɗalibi ne a Kwalejin Ilimi ta Gumel da ke ɗora darussa. To, idan ka wayi gari shafin ya ɓace, ina kwafinsa yake?

Kada ka ce ai kamfanin da ke ɗauke da shafin yana ajiye maka. A ranar 10 ga Maris, 2021, gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin bayanai na kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, miliyoyin shafuka suka ɗauke. Wasu masu shafukan sun rasa komai, domin kwafin da suka dogara da shi yana wurin da wutar ta tashi. Shi ya sa ake so kwafi ya zauna a hannun wani kamfani daban.

Sauke kwafin a waya da hannu kuwa yana cin data, ga ɗaukewar wuta da raunin sabis, ga mantuwa. Idan ka saita ajiya mai tafiya da kanta, fayilolin suna tashi ne daga sabar kamfanin kai tsaye zuwa Google Drive. Ko wayarka a kashe take, aikin zai gudana.

Ga yadda ake yi a WordPress:

1. Shiga ɓangaren Plugins ka girka UpdraftPlus. Na kyauta ya isa.
2. A saitinsa, zaɓi lokacin ajiya. Rumbun bayanai, inda rubuce-rubuce da odar kwastomomi suke, a sa shi kullum. Hotuna da sauran fayiloli, mako-mako.
3. Zaɓi Google Drive, ka ba shi izini da asusunka na Gmail.
4. Ƙayyade yawan kwafin da zai riƙe, misali 4, don sabo ya riƙa ture tsoho.

Ka lura, Google yana ba da 15GB kyauta, amma Gmail da Google Photos ma a ciki suke ci. Idan wurin ya cika, ajiyar za ta tsaya. Gara ka buɗe wa shafin asusu na daban, ka kunna masa tantancewa mai mataki biyu. Haka kuma agogon WordPress yana motsawa ne idan an ziyarci shafin, don haka shafin da ba shi da baƙi sosai yana iya makara. Ana gyara wannan a Cron Jobs cikin cPanel.

Sai gwaji. A ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan GitLab ya goge rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure. Da aka koma kan hanyoyin ajiyarsu, sai aka tarar yawancinsu ba sa aiki, suka yi asarar bayanan kimanin awa 6. Saboda haka duk wata ka leƙa Drive ka duba kwanan watan kwafin ƙarshe, sannan ka gwada maido da shi a wani shafin gwaji, ba a kan ainihin shafinka ba.