Ina Itacen Goggo Yake Tafiya?

Gida biyu ne katanga ɗaya a Bukuru, kusa da Jos. Girman ɗaki ɗaya, kaskon jin ɗumi iri ɗaya, kuma wurin mai itace ɗaya suke saye. Amma da hunturu ya kankama, Goggona kan ƙona ɗauri biyu a daren da maƙwabciyarta ke ƙona ɗaya, duk da haka jikokinta su kwana suna rawar ɗari. A tudun da ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku, inda sanyin asuba a Disamba da Janairu kan sauka kusa da digiri 10, kuɗin cefane ne ke tafiya a wuta.

Yara aka fara zargi, ko suna ɗiba su gasa dankali a waje. Ta kulle itacen a ɗaki, ba abin da ya sauya. Sai zargi ya koma kan mai itace. Aka kwance ɗaurinta da na maƙwabciya aka ƙirga, ba ragi. Nata ma ya fi nauyi, don da hannunta take ɗagawa ta zaɓa. Rufi fa? Duka kwano ne ba silin. Irin icen kuma ɗaya ne, turare, wanda aka daddasa a tsofaffin filayen haƙar kuza.

Wani dattijo mai faskare ne ya warware zancen. Da ya zo aiki da yamma aka hura wutar a gabansa, ya tsuguna ya kasa kunne. Icen na ta tsuwa, kumfa na tsattsafowa daga ƙarshen da ke waje, hayaƙi fari mai yaji ya cika tsakar gida. Ya ɗauki guda biyu ya gwara, suka yi ƙara a dushe. Ya aika aka karɓo na maƙwabciya: bakinsa duk ya tsattsage, ɓawon na saɓulewa, da ya gwara sai ƙwal.

"Hajiya," ya ce, "ai ruwa kike saye."

"To Malam, ba mai nauyi ne mai kyau ba?"

A ƙauyen da ta tashi haka ne. Can kirya da marke ake ƙonawa, nauyinsu na ƙwari ne, garwashinsu ya kai asuba. Nan kuwa nauyin na ɗanyantaka ne. Icen da aka sare yanzu kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma sai wuta ta ƙafar da ruwan nan kafin ɗumi ya iso jikin mutum. Kilo ɗaya na busasshe, wanda ruwansa ya sauka zuwa kashi 20 cikin 100, yana ba da zafi kusan ninki biyu na kilo ɗaya na ɗanye. Abin ya kai a Ingila, tun Mayun 2021, an hana sayar wa gidaje ɗanyen itace a ƙananan ɗaure.

Saura tambaya ɗaya: ta yaya mai itace ɗaya zai ba wannan busasshe, ya ba waccan ɗanye? Ashe lokacin saye ne ya bambanta. Maƙwabciya takan kwashi adashinta tun bazara ta sayi lodi guda, a faskara, a jera a rumfa bisa duwatsu iska na ratsawa. Goggo kullum take saye, a tsakiyar sanyi, lokacin da busasshe ya ƙare a kasuwa, abin da aka saro shekaranjiya ake ɗaurewa. Wannan ne ke damuna: wanda ba shi da halin saye a dunƙule shi ke biyan mafi tsada.

A hunturun, dattijon ya faskara mata sauran sirara ya jingina su a katangar da rana ke duka, ya kuma gargaɗe ta kada ta rufe ɗaki ruf da garwashi a ciki. Ita kuwa ta shiga adashin maƙwabciyar, ta roƙi a sa kwasarta a watan Maris.